"To" Ba Rasit Ba Ce

Da safe akawu ne ni a wani ofishi, da yamma kuma ni ke riƙe wa kawuna littafin shagonsa a Kasuwar Kurmi. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina wannan zirga-zirga, kuma a duk wuraren biyu na ga kuɗi sun salwanta, zumunci ya yi tsami, ba tare da kowa ya ci amanar kowa ba. Saƙo ne kawai aka bayar a dunƙule, aka karɓe shi a dunƙule.

Bara, ana saura mako uku ƙaramar Sallah, kawu yana Legas ya turo wa yaron shago saƙon murya ta WhatsApp. Minti shida cur. Huɗun farko gaisuwa ce: ya jikin Hajiya, ya aka ji da zafi, an kawo wuta kuwa? Sai can ƙarshe, hon ɗin motoci na tashi a bayansa, ya ce: "Ka je Kwari wajen mutumin nan ka karɓo shadda, fara da ruwan toka, bandir ashirin, a sa wa mutanen Maraɗi a mota." Yaro ya amsa, "To, Alhaji." Ya je ya karɓo fara ashirin, ruwan toka ashirin. Kawu kuwa goma-goma yake nufi. Kaya sun wuce Jibiya kafin a farga, mutanen Maraɗi suka ce ba su yi odar arba'in ba, aka biya kuɗin mota zuwa da dawowa, Sallah ta wuce da rabin shaddar a kan kanta. Da kawu ya dawo ya yi ta faɗa, yaro ya sunkuyar da kai yana cewa, "Allah Ya huci zuciyarka, Alhaji." Daga baya na ja shi gefe na ce me ya hana shi tambaya. Ya ce, "Yaya, ta yaya zan ce wa Alhaji ban gane ba?"

Nan ciwon yake. An tarbiyyantar da mu kada ƙarami ya maimaita wa babba magana, kada ya nemi ƙarin bayani, ya ce "to" ya tashi. Kunya ado ce a zaure da gaban surukai, ban musa ba. Amma "to" ɗinmu tana da fuska da yawa: akwai ta na ji, akwai ta na yarda, akwai ta zan duba, akwai kuma wadda ma'anarta ita ce ka gama in tafi. Wanda ya ɗora bandir arba'in a kan wannan kalma ya yi ganganci, kuma laifin maigida ne kafin na yaro, domin shi ya fi ƙarfin a tambaye shi.

Idan na ce a rubuta, sai wasu dattawan kasuwa su ce ai wannan ɗabi'ar 'yan boko ce, mu da amana muka gaji ciniki. Ina girmama su, amma tarihin garin nan bai goyi bayansu ba. Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, take ci, kuma Larabawan Gadamas da suka zauna cikin birni da wasiƙu suke tafiyar da harkarsu da Tarabulus, takarda ta ƙetare Sahara a bayan raƙumi wata da watanni. Mai rubuta irin wannan wasiƙa ya san in ya bar ƙofar shakka ba wayar da zai ɗaga ya gyara, don haka yakan faɗi kaya da adadinsu da sunan wanda ya ɗauko. A fada akwai magatakarda, akwai hatimi. Tsarin wasiƙar da muka gada ma abin koyi ne: daga wane zuwa ga wane, gaisuwa a taƙaice, sai "bayan haka", daga nan magana tsantsa, a rufe da haza wassalam. Kalmomin nan biyu, "bayan haka", katanga ce tsakanin zumunci da aiki. Sama da duka, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi da wa'adinsa, a kafa shaidu. Wanda ya ce rubuta bashi rashin yarda ne, sai ya sake tunani.

A ofis kuma cutar ta juya riga. Can ana rubutu har ya yi yawa, sai dai ba don a fahimta ba. Na sha ganin takarda shafi biyu da Turanci mai nauyi, an kwafo ta daga tsohon fayil an canza kwanan wata, alhali abin da ake so a ce shi ne kowa ya kawo takardunsa ranar Litinin kafin azahar. Masinja da direba da mai gadi, waɗanda aikin zai faɗa a kansu, sai sun nemi mai fassara. Mun taɓa yin taro na awa uku, aka sha lemo aka yi addu'a aka tashi, bayan mako biyu aka tarar kowa na jiran ɗan'uwansa, don ba wanda ya rubuta wa zai yi me, kuma yaushe.

Tun bayan asarar shaddar nan na kafa wata 'yar doka a shago, da ƙyar kawu ya amince. A yi gaisuwa da murya iya son rai, wannan ba mai hana mu. Amma duk maganar da ta ƙunshi kuɗi, adadi ko rana, sai ta zo a rubuce, da Hausa, boko ko ajami, wanda hannu ya fi sabawa da shi. Kafin in rubuta nakan tambayi kaina wa zai karanta, kuma me nake so ya tashi ya yi in ya gama. In ban iya amsa wannan da jimla ɗaya ba, to ni ma ban san abin da nake so ba tukuna. Sai in sa buƙatar a layin farko, lamba a rubuta ta da alƙalumma, "mutumin nan" ya koma sunansa da layin shagonsa, "an jima" ta koma bayan la'asar. Kafin in tura nakan karanta a bayyane kamar ni ne yaron da zai karɓa, yana tsaye cikin hayaniyar Kwari. Nan nake kama kurakuraina, kuma kusan kullum sai na samu. Takardar da na rubuta cikin fushi kuwa kwana take yi a aljihu. Da yawansu ba su ga safiya ba.

Shi ma mai karɓa an ɗora masa nasa: ya maido da saƙon da bakinsa. "Alhaji, fara goma, ruwan toka goma, motar Maraɗi ta gobe da safe, haka ne?" Da farko kawu yakan tsuke fuska in yaro ya yi masa haka. Yanzu in ba a maimaita ba shi ke cewa, "Kai, faɗa mini abin da na ce."

Roƙona ga iyayen gidanmu na Kurmi da Ƙofar Wambai da Kwari, da shugabannin ofisoshi: ku ne za ku buɗe wannan ƙofa, domin yaro ba zai fara ba. Gobe in kun ba da aike, ku ce masa ya maimaita, sannan ku sa a rubuta.