Tsoro Na Daji Ne, Me Ya Kawo Shi Ɗakunanmu?

Yau ina so mu yi magana a kan tsoro. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya ta gida. To, ni dai abin da nake gani shi ne, mun ɗauko na dajin mun shigo da shi ɗaka, mun yi masa shimfiɗa, har mun raɗa masa suna kunya don kada a gane shi.

Ku dubi yadda muke renon 'ya mace. Tun tana goye ake ce mata ga dodo nan. In ta tasa, a ce wance mayya ce, kada ki ci abin hannunta, gindin tsamiyar can kuma akwai mutanen ɓoye. Ran da aka kai ta ɗakin miji sai ta tarar da sababbi suna jiranta: tsoron kishiya, tsoron uwar miji, tsoron saki, da babbansu duka, watau "me mutane za su ce?" Sai ki ga mace ba ta wasa da salla, ba ta shan azumi, amma ran da ta kwashi adashi rabinsa na boka ne, wai don a kare ta daga sammu. Zuciya fa kamar tulu ce. In tsoron halitta ya cika ta, ina tsoron Mahalicci zai sami wurin zama?

Malamanmu sun karantar da mu cewa mumini yana tafiya ne tsakanin tsoron Allah da kwaɗayin rahamarsa. Wannan tsoron shi ne mai amfani, domin shi yake tashe ki sallar asuba cikin sanyin hunturu, shi yake hana ki cin amana. Ɗayan kuwa, na mutane da na camfi, ɗaure ƙafa yake yi. Saboda haka ni ban ɗauki ƙarfin zuciya halin maza ko na marasa kunya ba. Wani yanki ne na imani, kuma wadda ba ta nemi ta same shi ba, addininta zai daɗe yana rarrafe.

Ku matan Gwandu da Kalgo da kewaye ba sai an je da ku nesa neman misali ba, a ƙasarku aka yi abin. A shekarar 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, da mata da yara da tsofaffi. Suka sha yunwa da ciwo da tafiyar ƙasa, kafin su sauka Gwandu a 1805. A ƙarshen wannan shekara aka yi yaƙin Alwasa, inda jama'ar Shehu suka sha kashi, aka kashe musu mutane masu yawa, sauran suka janye zuwa Gwandu, garin da a lokacin ko ganuwa ba shi da ita. Abokan gāba suka biyo su har bakin gari. Ku tsaya ku auna halin matan da ke cikin gidajen nan. Wata an kashe mijinta, wata ɗanta bai dawo ba, ga kukan yara, ga ƙurar dawaki ana hangowa. Shehu ya fito ya yi wa jama'a wa'azi ya ƙarfafa musu zuciya, suka dage, kuma bayan 'yan kwanaki aka kori masu kawo harin. Ba gorin yaƙi nake yi wa kowa ba, jikokin ɓangarorin biyu yau maƙwabta ne, surukan juna ne. Abin da nake so ku lura da shi yarinya ce guda a cikin iyalin Shehu, 'yar shekara 12 a lokacin, domin a 1793 aka haife ta. Sunanta Asma'u.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Yarinyar da ta ga irin wannan tashin hankali, da ta ƙare rayuwarta a ƙuryar ɗaki ba wanda zai zarge ta. Amma Nana Asma'u ta zama malama, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, kuma bayan rasuwar ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Bello a 1837 ta tsara abin nan da ake kira 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa. Jajin ita za ta tattaro 'yan mata da tsofaffin mata ta ja su a ƙasa, su ratsa daji zuwa wurin Nana, su koyo karatu cikin waƙoƙi, su koma su karantar da waɗanda aure da goyo suka riƙe a gida. Babu mota, babu kwalta, kuma ƙasar ba ta gama kwantawa ba. Kuna tsammani ba su ji tsoro ba? Lalle sun ji, mutane ne. Sai dai an koya musu inda za su ajiye shi. Cikin waƙoƙin Nana na Hausa akwai wadda ta yi musamman a kan tsorace-tsoracen ranar alƙiyama. Wadda ta haddace wannan, kukan kura a hanya ba zai mai da ita gida ba.

Shi ma Malam Abdullahi, wanda kabarinsa ke Gwandu, tun yana saurayi ya tsaya wa mata. Sa'ad da wani malami, Mustafa Goni, ya soki Shehu don mata suna halartar wa'azinsa, Abdullahi aka sa ya mayar da amsa, ya kuwa nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi fitowarsu neman sani muni. In wani ya ce miki tambaya a gaban malam rashin kunya ce, ki tuna masa da wannan. Nana A'isha ma ta yabi matan Madina ne domin kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba.

Yanzu mu dawo zamaninmu, don na san abin da ke ran iyaye. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, wasu 'yan matan har suka yi kusan shekara 2 a hannunsu. A watan Nuwamba na 2025 aka sake ɗauke 'yan mata a makarantar Maga. Uwar da ta ji wannan ta ce 'yarta ba za ta koma makarantar kwana ba, ni ba zan kira ta matsoraciya ba. Wannan tsoro na gaskiya ne, ba dodo ba ne, kuma tawakkali ba ganganci ba ne, sai an ɗaure raƙumi tukuna. Amma fa 'yar'uwa, cire yarinya daga karatu ɗungurungum a zaunar da ita jiran miji ba ɗaure raƙumi ba ne, yanka shi ne. In makarantar kwana ba ta kwanta miki ba, ga ta jeka-ka-dawo. Ku haɗu ku iyaye mata ku halarci taron iyaye da malamai, ku tambaya da bakinku: ina katanga, wa ke gadi da dare, wa za a kira in an ji motsi? Ku sa mazajenku su kai kuka wurin hakimi da shugaban ƙaramar hukuma. Abin takaici ne a ce an kafa jami'ar tarayya a 2013, ga ta nan a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, 'ya'yan wasu su zo daga nesa su cika ta, 'yar Kalgo kuwa iyakarta ta kai tallan gyaɗa bakin ƙofa.

Haka batun asibiti. Yarinya mai cikin fari takan ɓoye naƙuda kwana da yini wai kunya, manya kuma su yaba mata. Doguwar naƙuda ita ke jawo yoyon fitsari, ita ke kashe jariri a ciki. Wata ta ji ƙullutu a nono ta yi shiru wata da watanni don tsoron abin da likita zai ce. Ga asibiti a Gwandu, ga babba a Kalgo. Jikin nan amana ce aka ba ki, kuma za a tambaye ki.

Ba a wayi gari da jarunta, koyonta ake yi, kamar yadda yaro ke fara azumi da rabin yini. Ke 'yar makaranta, gobe ki ɗaga hannu a aji ki tambayi abin da ba ki gane ba, ko da muryarki na rawa. In wani babba ya nemi ya taɓa ki, ya ce zai yi miki wani abu in kin faɗa, ki faɗa wa mahaifiyarki a ranar, ke kuma uwa ki saurare ta kafin ki ɗaga murya. Ke matar aure, in akwai maganar da ke ci miki rai, ki yi alwala, ki yi nafila raka'a 2, ki sami maigida lokacin da hankalinsa ke kwance ki faɗa masa cikin ladabi. Addu'o'in safe da maraice da na kwanciya barci ki koya wa yaranki su, a maimakon labarin dodo.

Akwai tsofaffi a ƙauyukan ƙasar Gwandu waɗanda suka ji labarin jajojin garinsu daga bakin kakanninsu. Duk wadda take da irin wannan tsohuwa a gida, don Allah ta zauna da ita ta rubuta abin da ta ji, sunan jajin da garinta da hanyar da suke bi, ta aiko wa wannan fili.