Daga Ɗakin Aji: Koren Ganyen Shinkafa

Kwanan baya mun sa yaran aji biyar su kife ƙwarya a kan tsiron wake guda, su bar ɗan'uwansa a rana. Da muka buɗe bayan mako ɗaya, sai ga na ƙarƙashin ƙwarya ya yi tsawo, amma ya koɗe, ba ƙarfi. Wani yaro ya ce shinkafar babansa a fadama ma haka ta koɗe, alhali ba wanda ya kife ta. Tambayarsa ce ta kawo mu.

A cikin ganye akwai wani sinadari kore da masana ke kira kulorofil. Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, su suka raɗa masa suna a 1817. Aikinsa kama hasken rana. Da ƙarfin hasken nan ganye yake haɗa ruwan da saiwa ta jawo da iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, ya yi sukari. Sukarin shi ne yake zama gari a cikin ƙwaya. Watau ganye shi ne madafar shuka, in kuwa koren ya ragu, girki ya ragu.

Waken yara rashin haske ne ya hana shi kore. Na shinkafar fadama kuwa, sau da yawa rashin naitirojin ne, gama ba a gina kulorofil sai da shi. Shi ne kashi 46 cikin 100 na takin yuriya. Amma mu duba wane ganye ne ya fara rawaya. In na ƙasa ne, tsofaffin, to naitirojin ya kasa, shuka tana kwashe shi daga tsoho ta ba sabo. In kuwa sababbin na sama ne suka koɗe, na ƙasa suna nan kore, mai yiwuwa sinadarin ƙarfe ne ya kasa, yuriya ba za ta warkar ba. Kuɗi ne kawai za a zubar, ga taki da tsada.

Akwai kuma masu son a ga gonarsu kore shar har da duhu, su yi ta ƙara taki. Mu dai ba mu yaba ba. Shinkafar takan yi ganye barkatai, na sama ya tare wa na ƙasa rana, cuta ta samu shiga, kara ya kwanta kafin girbi. Domin haka cibiyar binciken shinkafa ta IRRI a ƙasar Filifin ta yaɗa wani ɗan allo mai launin kore hawa-hawa. Manomi ya kara shi da ganye, ya san ko lokacin taki ya yi.

In shinkafa ta fid da kai, a kiyaye ganyen ƙarshe na sama daga ƙwari, gama yana cikin manyan masu cika ƙwaya.