Zauren Kimiyya: Ba kowane haɗi ke haifar da sabon abu ba

'Yan aji biyu da aji uku na babbar sakandare, tambayar wannan makon taku ce, domin tana jiranku a jarrabawar gwaji ta WAEC da NECO: idan aka haɗa ruwan gishirin ƙarfe iri biyu, dole ne wani abu ya faru?

A'a. Gishiri a kimiyya ba na miya kaɗai ba ne, kuma kowanne idan ya narke yana rabuwa zuwa ƙwayoyi masu caji da ake kira ayon. Zuba ruwan NaCl cikin na KNO3, ka jira har la'asar, ba abin da za ka gani. Ayon huɗu ne ke ta yawo, ba wanda ya kama wani. Amma ɗiga AgNO3 cikin NaCl ɗin nan, nan take ruwan zai yi fari kamar madarar da ta tsinke. Azurfa ta kama kulorayid sun zama AgCl, wanda ba ya narkewa, sai ya kwanta a ƙasa kamar gasara.

Don haka ka musanya abokan a takarda tukuna, ka duba ko akwai wanda ba ya narkewa. Duk gishirin naitiret da na sodiyam da na fotasiyam suna narkewa. Wannan layi ɗaya ya fi haddar lissafi ashirin amfani, a ganina.

Ko makarantarku a Dakko ko Bakura ba ta da kayan gwaji, akwai kanwa a gida. Jiƙa ta, ka tace, ka zuba a ruwan rijiyar da sabulu ke wuyar kumfa a cikinsa. Sau da yawa zai yi hazo-hazo: kabonet ɗin kanwa ne ya kama kalsiyam.

Haɗin da ya fi ban sha'awa shi ne Pb(NO3)2 da KI. Ruwa biyu garau kamar na sha, sai ga rawaya shar. Pb dalma ce, ita ce ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum daga 2010, sanadin niƙa dutsen zinariya cikin gidaje. A kwalbar gwaji tana nuna kanta da launi, a ƙurar tsakar gida kuwa ba ta ba da wata alama, ga shi ana haƙar zinariya a Maradun ma. Kada ku taɓa wannan haɗi sai da malami, ku wanke hannu bayansa.

Aikin gida: BaCl2 da Na2SO4, akwai abin da zai kwanta? Ku aiko da amsa kafin Juma'a.