Fili Ya Fi Soja: Ra'ayina Kan Wasan Yaƙi Na Tebur

Yau zan ɗan kauce wa zancen zaman ci-rani a Ikko, in taɓo wani wasa da kaɗan ne daga cikinmu suka san da shi, wato wasan yaƙi da ake yi a kan tebur da ƙananan sojojin roba ko na dalma, ana auna tafiyarsu da tef irin na tela, ana jefa ƙwayar ludo don a san wanda harbinsa ya samu. Wasan ya fi ƙarfi a Ingila, inda kamfanin Games Workshop ya fito da Warhammer a 1983, sannan Warhammer 40,000 a 1987. Abin da na lura da shi shi ne, duk sabon shiga kuɗinsa a kan sojoji yake ƙarewa, ya bar tebur fayau kamar filin idi. A ganina an juya abin ne. Fili ya kamata a fara ginawa, kuma da hannu.

Mai karatu ya duba asalin wasan. A ƙasar Furusiya, wadda yanzu take cikin tarihin Jamus, wani mutum mai suna von Reisswitz ya fara da teburin yashi ne, yana tsara tudu da kwari, kafin a 1812 ya miƙa wa sarkinsu tebur mai gutsattsarin ƙasa da ake harhaɗawa a sami kogi ko tudu. Shi ma marubucin nan H.G. Wells, da ya fitar da littafinsa Little Wars a 1913, da manyan littattafai suka fara yin ganuwa a tsakar ɗaki, daga baya suka koma jera katakai suna soka musu rassan itace. Ashe tun farko fili ne ya ɗauki hankalinsu.

Dalili kuwa a bayyane yake. A tebur maras komai, wanda makaminsa ya fi cin nisa shi ne da nasara, ba wata dabara. Ɗauki yaƙin Watalu na 1815. Wellington ya ɓoye yawancin sojojinsa a bayan tudu, gidan gonar Hougoumont ya riƙe dubban Faransawa yini guda, ruwan saman da aka kwana ana yi kuma ya jiƙa ƙasa har ya jinkirta manyan bindigogin Napoleon. Ka cire tudun da gidan gonar, to ka kuma canza yaƙin.

Don haka kafin ka sa wani abu a tebur, tambayi kanka aikin da zai yi: zai tare gani ne, zai rage saurin tafiya, ko zai ba soja mafaka? In babu ko ɗaya, ado ne kawai. Tebur da aka saba mai ƙafa 6 da ƙafa 4 yana son manyan abubuwa biyu ko uku a tsakiya da za su hana wannan gefe hango wancan. Kuma a nan nake saɓawa da masu son komai ya yi kama da na gaske sak. Tudu mai gangara yana da kyau a hoto, amma soja ba ya tsayuwa a kansa, sai ya yi ta tuntsurewa har fentinsa ya goge. Ni na fi son tudu mai hawa-hawa kamar matakala. Haka ma daji, a yi shimfiɗarsa daban, itatuwa daban, yadda za a ɗage su idan runduna ta shiga.

Kayan aiki kuwa, wanda ke Ikko bai da uzuri. Farin soson nan da ake cusawa cikin kwalin firji da talabijin, wanda ke toshe mana kwalbatoci kullum, shi ne tudu. A yanka, a shafa gam irin Top Bond da aka sirka da ruwa, a barbaɗa yashi, a bari ya bushe kafin fenti. A kiyaye fentin fesawa kai tsaye a kan soson, narkar da shi yake yi. Garin katako na wajen kafintoci, in aka rina shi kore, ya zama ciyawa. Abu ɗaya da littattafan Turawa ba za su gaya maka ba shi ne laimar kudu: kwali yana lanƙwashewa da damina, gara a ɗora komai a kan siririn katako.

Sai abin da ya fi damuna. Gine-ginen roba da ake sayarwa, ban da tsada da kuɗin dakonsu, mafi yawansu majami'u ne da kangayen Turai. Alhali ginin ƙasa irin namu, mai soro da zanko, shi ya fi kowanne sauƙin yi, domin ba ya bukatar layi miƙaƙƙe, ɗan karkacewa ma ƙara masa kyau take yi. Ga kuma tarihi jibge. A Tabkin Kwatto a 1804, mayaƙan Shehu Usmanu, yawancinsu 'yan baka ƙarƙashin Malam Abdullahi, sun fuskanci dawakan Yunfa a gefen tabki. A Kano a Fabrairun 1903, bindigogin Kanar Morland sun kasa fasa ganuwa, dole suka nemi ƙofa. Da sojoji masu tsayin milimita 28, bango mai tsayin mita 9 zai zo kusan santimita 16, wato soson kwalin firji ɗaya ya ishe ka yin ƙofa da ganuwa hagu da dama. Kuka kuwa, a murɗa waya, a lulluɓe ta da takarda da gam, a bar ta ba ganye kamar yadda take da rani.