Sunayen Barikokinmu Da Mazajen Da Ba Su Dawo Ba

Jama'a, a kowace shekara ran 15 ga watan Janairu, Shugaban Ƙasa da manyan hafsoshin soja sukan taru a dandalin tunawa da mazan jiya da ke kusa da Majalisar Tarayya a Abuja. A ajiye furanni, a busa bigila, a saki fararen tantabaru, sa'an nan a watse. An zaɓi wannan rana ce domin ita ce ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Kafin nan ran 11 ga Nuwamba ake yin bikin, kamar yadda ake yi a Ingila.

To, amma daga dandalin nan zuwa Utako ba wata tafiya ba ce, ga shi kuwa a wannan rana kasuwar Utako ci take yi kamar kullum, 'yan kamasho kuma suna ta kiran fasinja a tasha. Mutum nawa ne a cikinsu ya san waɗanda ake tunawa da su? Wannan fa ba laifin talaka ba ne, don abin da ba a koya wa mutum ba, ba a tuhumarsa a kai.

Abin mamaki shi ne, sunayen wuraren da mazajen nan suka kwanta dama suna bakinmu dare da rana. Barikin Mogadishu da ke Abuja ya ci sunan birnin nan na Somaliya wanda sojojin Nijeriya suka shiga a watan Fabrairu na 1941, lokacin da ake korar Italiyawa. Kalapanzin da Dalet na Kaduna, da Arakan da Myohaung na Ikko, duk sunayen wurare ne a ƙasar Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa a Yaƙin Duniya na Biyu. Barikin Chindit na Zariya kuwa sunan wata runduna ce da ta yi yaƙin sunƙuru a dazuzzukan can. Da yawa daga cikin sojojin nan 'ya'yan Arewa ne, harshen Hausa kuwa shi ne harshen bariki a wancan zamani.

Ba kuma tarihi kaɗai ba ne. A maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke hanyar filin jirgin saman Abuja aka binne Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda 'yan Boko Haram suka kashe a Malam Fatori a watan Nuwamba na 2016. Nan ne kuma aka binne sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta Jihar Delta a watan Maris na 2024.

Shawararmu ga hukuma guda uku ce. A kafa allo a ƙofar kowane bariki da bayanin asalin sunansa, da Hausa da Turanci. A riƙa kai 'yan makaranta maƙabartar nan su karanta sunaye da idonsu. Uwa uba, a biya matan mamatan da marayunsu haƙƙinsu ba tare da an sa su yawon ofis-ofis ba, gama fure a kan kabari ba ya biyan kuɗin makaranta.

Allah ya jiƙan mazan jiya, ya raya abin da suka bari. Sai mako mai zuwa.