Injin Niƙa Ma Tukunyar Abinci Ne

Duk wanda ya yi sammako a garin Jangebe, ko Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, ƙarar da za ta fara tarbarsa bayan carar zakara ita ce ta injin niƙa. A bakin rumfar zai tarar da yara sun yi layi da ƙore da robobi: wannan da surfaffiyar dawa ta tuwo ko hoce, wancan da jiƙaƙƙen wake na ƙosai, wata kuma da gero na kunu. Kusan duk lomar da za a kai baki a garin ran nan sai ta ratsa ta cikin wannan inji. Abin mamaki shi ne, uwargidan da ba za ta taɓa ɗora girki a tukunyar da ba a wanke ba, ita ce ke aika hatsinta wurin injin da ba ta taɓa leƙa cikinsa ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa injin niƙa ma tukunya ne, saboda haka ya cancanci a zaɓe shi da lura, a yi aiki da shi bisa ƙa'ida, a kuma tsaftace shi kamar kowane mazubin abinci.

Darasi daga masu gahawa

Domin a gane muhimmancin niƙa, yana da kyau a leƙa wurin mutanen da suka fi kowa tsanantawa a kansa, wato masu haɗa wata irin gahawa mai kauri da ta samo asali daga ƙasar Italiya, wadda ake kira esfireso. Ana tura ruwa mai zafin kusan digiri 90 zuwa 95 ta cikin giram 7 zuwa 9 na garin gahawa, da matsin da ya ninka na iskar da ke kewaye da mutum sau 9, a cikin daƙiƙa 25 zuwa 30 kacal. Idan garin ya yi tsaki-tsaki, ruwa zai wuce da sauri, gahawar ta fito salam da ɗan tsami. Idan kuma ya yi laushi fiye da kima, ruwan zai maƙale, ta fito da ɗaci.

Dalilin haka lissafi ne mai sauƙi. A ɗauki ɗan curi mai siffar akwati wanda tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk santimita 1 ne. Fuskokinsa shida, jimillar faɗinsu murabba'in santimita 6. Idan aka yayyanka shi zuwa ƙananan curarraki masu milimita 1, za a sami guda 1,000, faɗin fuskokinsu kuma ya koma murabba'in santimita 60. Nauyi bai ƙaru ba, amma filin da ruwa da iska za su taɓa ya ninka sau 10. Wannan shi ne dukkan sirrin niƙa.

Saboda haka mai haɗa wannan gahawa a gida ba ya sayen injin da ke da wuƙa mai juyawa, domin sara take yi barkatai, ta ba da gari haɗe da tsaki. Yakan zaɓi mai faifan ƙarfe biyu masu haƙora, wanda ake iya matse tazarar da ke tsakaninsu ko a sassauta ta kaɗan-kaɗan. Yakan niƙa iyakar abin da zai sha nan take, ya riƙa share faifan da buroshi domin tsohon gari mai maiƙo kada ya ɓata sabo, in haƙoran sun dakushe kuma ya sauya su. To, injin niƙan Jangebe da wannan ɗan inji tsarinsu ɗaya ne: faifai biyu, ɗaya a tsaye, ɗaya yana juyawa, da abin ɗaurewa da ke daidaita tazara. Idan har wasu na yin wannan taka-tsantsan domin ɗan kofin da ake sha don marmari, ina ga abincin da jariri da mai ciki da tsoho ke dogaro da shi kullum?

Abin da inji ke ƙara wa gari

Abu na farko shi ne ƙarfe. Kakanni sun san cewa dutsen niƙa yana cinyewa, shi ya sa ake koɗa shi, kuma bayan kuɗa ba a fara niƙa garin tuwo sai an wanke tsakuwar. Faifan inji ma haka yake cinyewa, kuma abin da ya zaizaye daga jikinsa ba wani wuri yake zuwa ba illa cikin gari. Binciken da aka gudanar a Ghana da Nijeriya ya nuna cewa garin da aka niƙa a irin wannan inji ya fi wanda aka daka a turmi yawan ƙarfe. Wani zai ce ai jiki na bukatar sinadarin ƙarfe domin yin jini. Gaskiya ne, har ma manyan masana'antun fulawa na ƙara shi da gangan. Sai dai nasu tatacce ne, kuma a kan awo. Shi kuwa faifan da aka zuba daga narkakkun tarkacen ƙarafa, ba mai iya rantsewa a kan abin da ya shiga cikinsa.

Na biyu shi ne zafi. Faifan da ya dakushe ba ya yanka ƙwaya, murza ta yake yi, sai mai inji ya ƙara ɗaurewa, gari ya fito da zafin da hannu ba ya jurewa. Ƙwayar gero tana ɗauke da mai kusan kashi 5 cikin 100, tare da wani sinadari da ke farfasa man da zarar an fasa ƙwayar. Wannan ne ya sa garin gero ke yin ɗaci da wari bayan 'yan kwanaki, alhali geron da ke cikin rumbu yana shekara lafiya lau. Garin da aka ƙulle a leda da zafinsa yakan yi gumi, danshi kuma shi ne abin da fumfuna ke nema.

Na uku shi ne ragowar markaɗe. Ƙullun wake ko na tattasai da ya maƙale a lungunan inji abinci ne ga ƙwayoyin cuta. Wasu daga cikinsu, idan suka sami ɗumi da danshi, suna ninkuwa duk bayan minti 20. Ƙwaya ɗaya tak tana iya haura miliyan 2 a cikin awa 7. Ke nan injin da aka yi markaɗe da shi da hantsi aka bar shi ba wanki, wanda ya zo da la'asar shi zai kwashi rabonsa. Haka kuma idan wani ya kawo masara ko gyaɗa mai fumfuna, burbushinta kan bi garin na bayansa. Wata irin fumfuna tana fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma dafuwar tuwo ba ta kashe ta. An gano ta ne bayan da ta halaka talotalo kusan 100,000 a Ingila a shekarar 1960.

Abin da ya faru a shekarar 2010

Kada mai karatu ya ɗauka wannan duk tsoratarwa ce ta masu littafi. A watan Maris na shekarar 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mace-macen ƙananan yara a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, waɗanda ke shiyya ɗaya da Talata Mafara da Bakura da Maradun, wato Zamfara ta Yamma. Yara na amai, suna ciwon ciki, suna jijjiga, an ba su maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi aiki ba. Da aka auna jininsu sai aka tarar gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa domin neman zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa, kuma a cikin gari ake farfasa su, a daka a turame, a niƙa a injinan niƙa irin na hatsi. Ƙurar ta bi tsakar gidaje, ta bi hannayen yara, ta shiga abinci. A ƙauyuka biyu da aka fara bincikawa, kusan yaro ɗaya cikin kowane huɗu 'yan ƙasa da shekara 5 ya rasu a cikin shekara guda. A jimlace yara aƙalla 400 suka mutu, dubbai kuma suka bukaci magani. Sunayen Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega sun zaga duniya, kuma sai a shekarar 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega. A shekarar 2015 irin wannan ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Me ya sa yara suka fi shan wahala? Jiki yana ruɗuwa ya ɗauki dalma a matsayin kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi kuma yake taimaka wa jijiyoyi isar da saƙo. Hanjin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba ke tsotsewa, ƙwaƙwalwarsa kuma tana kan ginuwa. Dalmar kan taru a ƙashi shekaru da dama, idan mace ta sami ciki ta koma cikin jini ta isa ga ɗan tayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. Ba ta da wari, ba ta sauya launin gari. Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Uzurin mai inji

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Injin niƙa ya sauke wa mata nauyin daka da niƙa na sa'o'i, ya ba 'yan mata lokacin zuwa makaranta, ba kuma mai hankalin da zai ce a koma turmi da dutse. Shi ma mai inji yana fama da tsadar man gas da kayan gyara, masu kawo niƙa kuwa kan guje shi in ya ƙara ko da kaɗan ne. Saboda haka yake sayen faifai mafi arha, yake kuma karɓar kowane aiki da ya zo. Amma araha ba ta ado. Faifai marar inganci yana saurin cinyewa, a yi ta biyan kuɗin wasa shi da sauya shi. Dakusasshe kuma yana wahalar da inji, ya ƙara shan mai. Kulawa da inji riba ce ga mai shi tun kafin ta zama alheri ga jama'a. Su ma masu kai niƙa wajibi ne su yarda cewa ɗan ƙarin da za su ba mai tsafta bai kai kuɗin gadon asibiti ba.

Ƙa'idojin da ya kamata a bi

Wajen zaɓe, a fara duba faifan kafin fenti da girman inji. A nemi mai tauri wanda aka san inda aka ƙera shi. A tabbata ana iya kwance injin cikin sauƙi domin wanki, kuma ba a shafa fenti ko aka yi liƙi da dalma a duk inda abinci ke bi ba.

Wajen aiki, injin abinci na abinci ne kaɗai. Wanda ya taɓa niƙa dutsen ma'adini ya fita daga sahun injinan abinci har abada, haka ma turmi da buhu da tabarmar shanya. Kada a bar faifai biyu suna gugar juna babu hatsi a tsakani. Gara a ɓarza tukuna sannan a maimaita, da a matse inji a nemi laushi a zubi ɗaya. A baza gari ya huce kafin a rufe shi, kuma a niƙa na 'yan kwanaki kawai. A rufe bel da kariya domin kada ya fizgi mayafi ko hannun riga, a kuma fitar da bututun hayaƙi waje.

Wajen kulawa, a kwance a wanke da sabulu da ruwa mai tsafta bayan markaɗe, a bari ya bushe domin gudun tsatsa. Bayan an wasa faifai ko an sa sabo, a fara zuba dusa ta share burbushin ƙarfe, a zubar da ita. A lura kada giris ko baƙin mai ya ɗiga cikin gari. Haka nan ya dace ma'aikatan duba-gari na ƙananan hukumomi su riƙa ziyartar rumfunan niƙa kamar yadda suke duba mahauta, domin yankin da madatsar ruwa ta Bakolori ke ciyarwa da shinkafa da masara bai kamata ya yi asarar lafiyar amfaninsa a matakin ƙarshe ba.

Aiki ga ɗalibai da malamai

Ga wani gwaji da kowace makaranta za ta iya yi. A sayi dawa mudu ɗaya, a raba uku. A daka kashi ɗaya a turmi, a kai sauran biyun injina daban-daban. A dama kofi ɗaya na kowane gari a ruwa, a sa maganaɗisu cikin farar leda, a juya shi a ciki na minti 5, sannan a zare shi a kan farar takarda a kwatanta baƙin burbushin da ya zubo. Garin turmi shi ne ma'auni, domin zai nuna abin da hatsin ya zo da shi daga masussuka. Sai dai a kiyaye: maganaɗisu ba ya kama dalma. Rashin ganin burbushi ba shaida ba ce cewa gari ba shi da guba, wannan sai ɗakin bincike.

Ɗalibin da ya yi wannan gwaji ya riga ya fi ƙarfin a aike shi niƙa ya miƙa ƙwarya kawai ya tafi wasa. Zai tsaya ya tambayi mai inji, cikin ladabi, me aka niƙa kafin nasa, yaushe aka wanke injin, yaushe kuma aka wasa faifan. Ranar da yara goma suka yi waɗannan tambayoyi a rumfa ɗaya, ranar ce mai inji zai nemi buroshi da bokitin ruwa.