Na'urar Intanet ta Makaranta: Saye ko Haya?

Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a shekarar 2015, makarantar sakandare da ba ta da hanyar shiga intanet ta zama abar tausayi. Wannan ne ya sa shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai a Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu suke fuskantar wata tambaya mai kama da ƙarama, alhali tana iya cinye kuɗin shekara guda: shin makaranta ta sayi na'urar intanet tata ta kanta, ko ta karɓi wadda kamfani yake bayarwa?

Na'urar da ake magana a kai ita ce modem. Aikinta kamar na tafinta ne. Kwamfuta ba ta jin wani yare sai na lambobi biyu, sifiri da ɗaya. Waya ko iska kuwa igiyoyin lantarki suke ɗauka. Modem ke juya lambobin su zama igiyoyi idan za su fita, ta kuma mayar da igiyoyin lambobi idan sun shigo.

A Amurka, inda intanet ke shiga gidaje da yawa ta kebul ɗin talabijin, an daɗe ana wannan muhawara. Kamfani kan ba mutum modem haya a kan dala 10 zuwa 15 a wata. Ɗalibin aji ɗaya ma zai iya lissafin: dala 120 zuwa 180 a shekara, kuɗin da ya isa ya sayi na'ura ta matsakaicin inganci, kuma hayar ba ta da ranar ƙarewa. Abin ya kai majalisar ƙasar ta yi doka a 2019 da ta hana karɓar kuɗin haya a kan na'urar da mai gida ya saya da kansa. Jamus kuwa tun 2016 ta ba kowa 'yancin haɗa na'urar da ya ga dama.

To, a Jigawa intanet ba ta kebul ɗin talabijin yake zuwa ba. Ta iska yake zuwa, daga turakun kamfanonin wayar salula da suka fara aiki a Nijeriya a 2001. Saboda haka mai karatu zai iya cewa batun haya bai taso ba. Ya taso, sai dai ya sake riga. Kamfani kan sayar da rauta ko MiFi a farashi mai rahusa, har da gyaran data a kai, amma an kulle ta yadda ba za ta karɓi layin kowa ba sai nasa. Akwatin na mai saye ne, mabuɗin yana hannun kamfani. Ragin da aka yi a ranar saye ana fanshe shi a hankali, wata bayan wata. Wanda ya taɓa duban kauci a reshen ɗorawa ya san irin wannan zama: kauci ba ya kayar da bishiya rana ɗaya, tsotson ruwanta yake yi yau da gobe.

Hujja mafi ƙarfi ga sayen buɗaɗɗiyar na'ura tana cikin kimiyyar igiyoyin kansu. Kamfanonin Nijeriya suna watsa 4G a zango daban-daban, daga megahaz 700 da 800 zuwa 1800 da 2600. Zango na ƙasa yana tafiya nesa, yana ratsa bango, yana kuma ɗan kewaye abin da ya tare shi. Na sama yakan ɗauki kaya da yawa, amma tafiyarsa gajera ce, kuma ƙaramin shinge ya isa ya raunana shi. Garin Dutse, kamar yadda sunansa ya nuna, duwatsu ne suka kewaye shi. Layin da ke gudu a wannan gefen dutse yana iya zama kurma a wancan gefen, balle a ƙauyen da ke nesa da turke. Makarantar da ke da buɗaɗɗiyar na'ura za ta gwada layi biyu ko uku cikin yini guda ta zaɓi mai kyau, kuma ranar da ya lalace, ko farashinsa ya tashi kamar yadda aka gani a farkon 2025 da hukumar NCC ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari, sai ta zare shi ta sa wani. Mai kullalliya ba ta da abin yi sai haƙuri. Abin mamaki ma shi ne, tun 2013 aka ba mai wayar salula damar komawa wani kamfani da lambarsa, amma har yanzu ana sayar da akwatin da ba ya iya ƙaura.

Gaskiya ne masu goyon bayan na'urar kamfani suna da abin faɗa. Kuɗinta na farko kaɗan ne, kuma idan ta sami matsala akwai ofishin da za a kai kuka. Wanda ya sayi tasa, shi da ita: zafin bazara, ƙurar hunturu, tsawar damina da wutar da ke dawowa da ƙarfi duk nasa ne. Ga ɗalibi mai hidimar ƙasa da zai yi shekara ɗaya a Dutse ya tafi, mai rahusar ta wadatar. Amma makaranta ba baƙuwa ba ce, shekaru za ta yi tana amfani da abin.

Sai dai saye ma yana da sharuɗɗa. A karanta jikin kwali a tabbatar na'urar tana kama zangon 700 da 800, domin wasu da aka ƙera don wasu ƙasashe ba sa kama su. A nemi wadda NCC ta amince da ita, mai wurin ɗaura eriya ta waje da za a iya ɗagawa bisa rufi. Kafin a biya, a roƙi mai shago a sa layuka biyu na kamfanoni daban a gani da ido. Sannan a ware ɗan kuɗi don na'urar kare kaya daga bugun wuta, a kuma ɗora wa malami ɗaya alhakin zare soket duk lokacin da hadari ya taso.